A Kawo Maƙerar Ƙarfen Ƙafa Kusa da Wurno, Rabah da Goronyo

Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka shaida wa duniya cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, bayan an shekara huɗu ba a sami wanda ta kama ba tun daga yaran ƙarshe da aka gani a Jihar Barno cikin 2016. Duk wanda ya san irin ɗawainiyar da aka sha kafin a kai ga wannan matsayi, tun daga gardamar da ta tsayar da rigakafi a wasu jihohin Arewa cikin 2003, har zuwa lokacin da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da sarakunan ƙasa da hakimai da malamai suka ɗauki al'amarin a wuyansu, aka bi gida gida ana ɗiga wa yara magani, lalle ba zai rasa yi wa Allah godiya ba. Kuma wajibi ne a ci gaba da ɗigon, domin akwai wani nau'in ƙwayar da har yanzu yake ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci. Sai dai ɗigon magani garkuwa ne ga wanda cutar ba ta taɓa ba, ba ya mayar da ƙafar da ta riga ta shanye. Waɗanda ta shanye wa ƙafa suna nan da ransu a Wurno da Achida, da Rabah da Gandi, da Goronyo da ƙauyukan da ke bakin Gulbin Rima, wasunsu sun zama magidanta, wasu samari ne da 'yammata, kuma da yawansu har gobe da rarrafe suke zuwa masallaci da kasuwa, alhali kuwa akwai daga cikinsu waɗanda sanduna biyu na ƙarfe da ɗan yankin fata, in an ƙera su bisa ilmi, za su tsayar da su tsaye.

Ba su kaɗai ne gwiwa ta dama ba. Wannan yanki ƙasar noman rani ce, tun ma ba bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo cikin 1984 ba, kuma mai dashen shinkafa ko albasa ko tafarnuwa a fadamar Wurno yini yake a tsugune ko a duƙe cikin laka, shekara da shekaru, har ranar da zai wayi gari tashi daga sujada ya zame masa aiki. Ga haɗarin babur, wanda yakan tsinka jijiyar gwiwa, ga kuma musibar 'yan bindiga da ta bar mutane da raunin harsashi a ƙafa. Ra'ayina shi ne abin tallafar gwiwa aikin awo ne da ƙira, wanda ba ya amfani sai an gina shi a jikin mai shi, an kuma bi shi da gyara. Saboda haka ba zai taɓa wadatar da mutanen gabashin Jihar Sakkwato ba muddin sai a Kano ko a babban birnin jiha ake samunsa, kuma ya kamata a kafa maƙerarsa a kusa da su, a hannun maƙera da dukawa na ƙasar, ƙarƙashin kulawar wanda ya karanci fannin.

Kafin a fahimci hujjar wannan magana sai an dubi halittar gwiwa ita kanta. A nan ne ƙashin cinya yake zama bisa kan ƙashin ƙwauri, ƙoƙon gwiwa yana rufe da su ta gaba. A tsakaninsu akwai guringuntsi biyu masu rage gogayya, sa'an nan igiyoyin jijiya huɗu suna riƙe da ƙasusuwan, biyu a gefe da gefe don kada gwiwa ta karkata ciki ko waje, biyu kuma sun gitta juna a can tsakiya don kada ƙwauri ya zame gaba ko baya. Masana sun auna sun ga cewa a tafiya ta yau da kullum nauyin da ke sauka a kan gwiwa yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikin mutum, in kuwa hawa ne ko tsuguno, ya zarce haka. Kuma mafi yawan wannan nauyi ta ɓangaren ciki na gwiwa yake bi, shi ya sa can ne guringuntsi ya fi saurin cinyewa ga tsofaffi, har a ga gwiwoyin sun fara nisantar juna ƙafa ta gantsare waje.

Hikimar da ta fi ba ni mamaki a cikin wannan halitta ita ce yadda mutum yake tsayuwa ba tare da ya gaji ba. Idan gwiwa ta miƙe sarai, nauyin jiki yana saukowa ta ɗan gabanta kaɗan, sai ya zama shi kansa nauyin ne yake danne ta a miƙe, jijiyoyin baya suna tare ta, tsoka tana hutawa. Amma da zarar ta lanƙwashe ko da ƙanƙani ne, nauyin ya koma bayanta, yana neman ya naɗe ta, kuma babu abin da zai hana mutum faɗuwa sai babbar tsokar gaban cinya. To, wannan tsoka tana cikin waɗanda shan inna ta fi yawan kashewa, domin ƙwayar tana lalata jijiyoyin laka masu ba tsoka umurnin motsi, ta bar ƙashi da gaɓa da jin taɓawa lafiya lau. Wannan ne dalilin da za ka ga yaro yana tafiya ya dafe cinyarsa da hannu yana tura gwiwa baya, watau hannunsa yana yi masa aikin tsokar da ta mutu. Wani kuma ya riƙa jefa gwiwar baya da ƙarfi har jijiyoyin su saki, ƙafar ta koma lanƙwasa ta inda ba a halicce ta ta lanƙwasa ba. Wanda ya gane wannan ya gane cewa ƙarfen ƙafa ba ya ɗaukar mutum, ƙashinsa ne yake ɗaukarsa kamar kowa. Aikin ƙarfen kawai ya hana gwiwa naɗewa a lokacin da aka taka ƙasa.

Yadda yake hanawa kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa miƙar da karkatacciyar sanda: ya riƙe bakinta biyu da hannuwansa, ya kafa gwiwa a kan gantsarwar, ya danna. Wuri uku ke nan, guda yana turawa ta nan, biyu suna tarewa ta can, kuma a kan wannan ƙa'ida aka gina matallafin gwiwa mai riƙe gaɓa, mai araha da mai tsada. A dogon ƙarfen mai shan inna, faifan fata da aka ɗaure a kan ƙoƙon gwiwa shi ke tura ta baya, maɗaurin bayan cinya da na bayan ƙwauri suna tarewa. A wanda ake yi wa tsoho mai cinyayyen guringuntsi, matashin yana gefen gwiwa ta waje yana tura ta ciki, domin a ɗan sauke wa ɓangaren da ya cinye nauyi. Wannan yakan rage raɗaɗi ga wasu, ko da yake ba ya mayar da guringuntsin da ya tafi, kuma bai halatta a yaudari mutum a ce masa zai mayar ba. Daga ƙa'idar nan ne kuma ake gane cewa tsawo yana da muhimmanci: gwargwadon nisan maɗaurai daga gwiwa, gwargwadon sauƙin matsin da fata za ta sha kafin a sami riƙo, gajeren ƙarfe sai an tamke shi tamau, in an tamke shi ya ci nama, in an sassauta ya zame ya sauko idon sawu.

Wannan ya kawo mu ga safar roba da ta cika shagunan magani da kasuwanni, wadda ake sayar wa kowa da sunan maganin ciwon gwiwa. Ba na cewa ba ta da fa'ida. Tana ɗumama gaɓa, tana rage kumburi kaɗan, tana sa mutum ya riƙa jin inda gwiwarsa take ya taka da lura. Amma ba ta da sanda, ba ta da gaɓa, ba ta da wurare ukun nan, saboda haka ba ta riƙe jijiyar da ta tsinke, balle ta tsayar da ƙafar da ta shanye. Kuma abin takaici ne a ga talaka ya sayar da kwanon hatsi ya saye ta don gwiwar da ke zamewa, ya ɗaura ta cikin zafin bazara da ke wuce ma'auni 40 a ƙasar Sakkwato, ya sha gumi da ƙuraje, ya yanke ƙauna daga magani baki ɗaya.

Sai maganar gaɓar ƙarfen, wadda a nan ne gwanintar maƙeri take bayyana. Gwiwar ɗan Adam ba a kan ƙusa guda take juyawa ba. Yayin da take lanƙwashewa, kan ƙashin cinya yana mirginawa yana kuma zamewa a lokaci ɗaya, har cibiyar juyawar ta riƙa matsawa baya. Don haka ne masu ƙera na 'yan wasa da na waɗanda aka yi wa aikin jijiya suka fito da gaɓa mai ƙusa biyu da haƙora, domin ta kwaikwayi wannan motsi. Mai ƙusa guda ma tana aiki, kuma ita ta fi ƙarko da sauƙin gyara, da sharaɗin a aza ta daidai inda ya kamata, watau ɗan sama da layin da ƙasusuwan suka haɗu, kuma ɗan baya da tsakiya. In aka kuskure da faɗin yatsa ɗaya ko biyu, duk sa'ad da mutum ya zauna sai ƙarfen ya ja sama ko ya danna ƙasa, ya goge fata har ta zama gyambo. Akwai kuma wata jijiya da ta bi ta gefen waje, ƙasa kaɗan da gwiwa, kwance a kan ƙashi ba tsoka a kanta, wadda in maɗauri ya danne ta, tafin ƙafa zai saki ya riƙa jan ƙasa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a iya sani daga nesa, ko daga lambar da aka rubuta a jikin kwali.

Ina so in daɗe kaɗan a kan makulli, domin a ganina shi ne wurin da addininmu da al'adarmu suka shiga cikin ƙira. Ƙarfe mafi sauƙi shi ne miƙaƙƙe wanda ba shi da gaɓa sam, kuma yana tsayar da mutum, ba shakka. Amma mai shi in zai zauna sai ya miƙe ƙafa zanƙal, ba ya shiga mota cikin sauƙi, ba ya hawa bayan babur, ba ya tsugunawa a makewayi, ba ya zaman tahiya. Mu kuwa mutane ne da rayuwarmu take a ƙasa: a tabarma muke ci, a kan buzu muke karatu, a tsugune muke gaida manya, kuma sau biyar a yini muke kai goshi ƙasa. Gaskiya ne shari'a ta yi rangwame, tun a littafin Ahalari ɗalibi yake koyon cewa wanda ya kasa tsayuwa ya jingina, wanda ya kasa jingina ya zauna. Sai dai rangwamen Ubangiji ga mara lafiya bai zama uzuri ga masu lafiya su ƙi yi masa abin da zai shiga sahu da shi ba. Abin da ake bukata ɗan zobe ne na ƙarfe mai zamewa, wanda in mutum ya miƙe yake faɗowa da kansa ya rufe gaɓar, in zai zauna ya ɗaga shi da yatsa; ko kuwa wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke zagayawa ta bayan gwiwa, wanda ake ɗagawa ya buɗe gefe biyu tare. Mutanen Jaipur ta ƙasar Indiya sun riga mu gane wannan darasi cikin 1968, lokacin da likita P. K. Sethi da wani gwanin sana'ar hannu, Ram Chandra Sharma, suka ga manoma suna ajiye ƙafar roba irin ta Turawa domin an yi ta ne don mai takalmi da kujera, suka ƙera wata da ake tsugunawa da ita, a harɗe ƙafa, a shiga laka. Manomin fadamar Goronyo bukatarsa ke nan, ba ragi.

Amma fa akwai sharaɗi guda da yake gaba da kowane ƙarfe, shi ne ƙafar ta iya miƙewa. Yaron da ya shekara biyar ko goma yana rarrafe, gwiwa da kwankwaso a naɗe dare da rana, tsokokin baya da agara sukan gajarce su ƙage, har ya zama ko an ja ƙafar ba ta miƙewa. Irin wannan sai an bi shi da filasta a hankali, ana sakewa ana ƙara miƙarwa mako bayan mako, ko kuwa likitan ƙashi ya yi aiki ya saki abin da ya ƙage, sa'an nan a auna ƙarfe. Kowace shekarar jinkiri tana ƙara wahalar aikin da tsadarsa, kuma nisan asibiti shi ne uban jinkiri.

Mai karatu zai iya cewa, wannan aiki mai bukatar irin wannan taka-tsantsan, yaya za a danƙa shi ga maƙeri da baduku? Tambaya ce mai nauyi, kuma ban raina ta ba, domin likitocin ƙashi a ƙasar nan sun sha rubuta labarin gaɓoɓin da suka ruɓe har aka yanke, saboda an tamke karan ɗori fiye da kima jini ya daina gudu. Amma tarihin fannin kansa yana da amsa. Hugh Owen Thomas, wanda ake ɗauka uban likitancin ƙashi a Ingila, an haife shi cikin 1834 a gidan maɗora da suka gaji ɗori kaka da kakanni; ya je ya karanci likitanci, ya dawo ya zauna a Libaful, kuma a cikin gidansa ya ajiye maƙeri da mai aikin fata, yana aunawa suna ƙerawa. Ƙarfen da ya bayyana a littafinsa na 1875 don masu ciwon gwiwa, shi ne almajirinsa Robert Jones ya shigar cikin sojan Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har ake ruwaito cewa mutuwar waɗanda harsashi ya karya wa cinya ta sauko daga wajen 80 cikin 100 zuwa ƙasa da 20. A nan Afirka kuma, Ronald Huckstep, malamin tiyatar ƙashi a Jami'ar Makerere ta Uganda cikin shekarun 1960, da ya ga yaran da shan inna ta nakasa sun fi ƙarfin kayan da ake sayowa daga Turai, sai ya tsara ƙarfen ƙafa na sandar ƙarfe gama-gari da takalmin katako da fata, wanda masu sana'ar gida suke ƙerawa da araha, ya kuma tattara hanyar a littafin da ya fitar cikin 1975. A duk waɗannan wurare, ilmi yana wurin mai awo, gwaninta tana wurin mai guduma, kuma ba wanda ya shiga hurumin wani.

Mu kuwa me muka rasa? Maƙerar Assada tana nan a birnin Sakkwato, masu walda suna kowace tasha, fatar jar akuyar Sakkwato kuwa ƙarnuka ta yi tana ƙetare Sahara ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko, ga ta da taushi ga shan gumi, abin da roba ba ta yi. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan inna ta nakasa sun daɗe suna walda kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa. Kuma ba baƙon tunani ba ne a wannan ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da Wurno ribaɗinsa, ya rasu a can cikin 1837 kuma can kabarinsa yake, ya wallafa littattafai a kan ɗibbu, ya nemi Bature matafiyi Clapperton cikin 1824 da a aiko masa da likita daga Ingila, kuma a cikin Usulus Siyasa, nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a, har da maƙera da masu magani, da rarraba su cikin garuruwa, a cikin haƙƙoƙin da talakawa ke bin shugaba. Jikan gidansa, Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, a zamanin Firimiyarsa ne aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano cikin 1959. Malamai tun Imamu Gazali sun sanya likitanci da sana'o'in da jama'a ba ta rayuwa sai da su a cikin farillan kifaya, waɗanda in aka rasa mai yi a gari, laifin ya hau kan kowa.

Abin da nake roƙo ba gini mai hawa ba ne. Ɗaki biyu sun isa a babban asibitin ɗaya daga cikin garuruwan nan uku, da injin walda, da mawashi, da keken ɗinkin fata, da samari 'yan ƙasa, musamman daga cikin masu lalurar kansu, waɗanda za a tura Dala ko Kwalejin Fasahar Ƙashi ta Tarayya da ke Igbobi a Ikko su koyo. Sa'an nan ƙwararre guda daga Asibitin Ƙashi na Wamakko ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya riƙa zuwa a ranar da aka sani cikin wata, ya duba, ya auna, ya ware waɗanda sai an yi musu aiki tukuna, kuma kada ƙarfe ya fita daga ɗakin sai ya gani a jikin mai shi yana tafiya da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2017 cewa mutum ɗaya ne kacal cikin goma masu bukatar irin waɗannan kayan yake samu, kuma ba na tsammanin rabon ƙauyukanmu ya kai haka. Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa da aka sa wa hannu cikin Janairun 2019 ta ba su haƙƙi a takarda. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato da attajiran albasa da shinkafa na yankin suna iya mayar da shi ƙarfe da fata, domin ban san wata sadaka mai gudana da ta fi a tsayar da waƙafi a kan maƙerar da za ta ɗaga yaro daga ƙasa ta kai shi makaranta ba.

Dole ne kuma a sa kuɗin gyara a cikin lissafi tun daga farko, domin nan ne rabon kayan agaji na rana ɗaya yake faɗuwa. Yaro yana girma, ƙarfen da aka auna masa bana kafin baɗi ya yi masa gajere, gaɓar ta sauko ƙasa da gwiwa, takalmi ya matse. Ƙusa takan sassauta, zobe ya cije da tsatsa bayan damina, fata ta bushe ta tsage da hunturu. Uban da zai biya kuɗin mota zuwa Kano a kan ƙusa guda, a hanyar da ba kullum take da aminci ba, ba zai je ba, sai a rataye ƙarfen a bango yaro ya koma rarrafe, ƙafar ta sake ƙagewa, aikin likita ya tashi a banza. Don haka a buɗe littafi a maƙerar, a rubuta sunan kowane yaro da garinsu da ranar da aka auna shi, a ba dagatai da masu unguwanni da ma'aikatan rigakafi, waɗanda sun riga sun san kowace ƙofa a Wurno da Rabah da Goronyo, aikin tunatar da iyaye su kawo shi duk bayan wata shida a sake awo.